Ƙwallo 146 a Yini Ɗaya: Yadda Kakar Wasa ta Ƙare a Bauchi a 2013

A farkon watan Yulin 2013, ana gab da kama azumi, aka buga wasu wasanni biyu a garin Bauchi waɗanda cikin kwana ɗaya labarinsu ya karaɗe duniya. Plateau United Feeders ta Jos ta ci Akurba FC ta jihar Nasarawa 79 da nema. A ɗaya wasan kuma Police Machine ta Adamawa ta ci Babayaro FC ta Gombe 67 da nema. In aka haɗa, ƙwallo 146 ke nan ta shiga raga a yini guda. Har gobe in aka tuno zancen a gidan kallo ko a teburin mai shayi, sai ka ji an kwashe da dariya. Ni kam ban taɓa iya yin dariyar ba, domin na san irin yaran da ke taka leda a wannan mataki, na kuma san wuyar da ake sha kafin a kai ga irin wannan rana.

Sai mutum ya san tsanin ƙwallon Najeriya kafin ya gane abin da ake rububi a kai. A can sama akwai gasar ƙwararru ta Firimiya, inda irin su Kano Pillars da Enyimba suke. A ƙasanta akwai gasar NNL, rukuni na biyu. A ƙasan wannan kuma akwai gasar Nationwide, wadda a wancan lokaci ita kanta ta kasu hawa-hawa. Sannan a ƙasan duka akwai gasannin jihohi, waɗanda hukumar ƙwallon kowace jiha ke shiryawa, a filayen makarantu da na unguwanni, galibi babu katanga, babu tikiti, babu ciyawa. Ƙungiyoyin nan huɗu da suka je Bauchi suna neman gurbin shiga rukuni na uku na Nationwide ne, wato matakala mafi ƙasa a gasannin da ke da sunan ƙasa baki ɗaya. Babu wani babban kofi, babu kuɗin talabijin. Abin da ke akwai shi ne sunan kulob ya shiga takardar hukumar ƙasa, ya fita daga sahun 'yan unguwa, yaransa su samu inda idon masu neman 'yan wasa zai iya kaiwa gare su.

Wanda bai taɓa zama kusa da ƙaramin kulob ba zai ga wannan ba wani abu ba ne. Ga mai kulob da ya shekara yana ciro kuɗi daga aljihunsa, da kocin da ba shi da albashi, da yaron da ya bar shagon ubangidansa kullum da la'asar don ya je atisaye, wannan gurbi shi ne kakar gaba ɗaya.

Ranar wasan

Kafin wasannin ƙarshe, Feeders da Police Machine suna kankankan a maki. Ɗaya ce za ta hau. Idan duka biyun suka yi nasara, to bambancin ƙwallaye ne zai raba gardama. Abokan karawarsu kuwa, Akurba da Babayaro, babu sauran abin da suke nema. Wannan shi ne tsarin da aka shiga fili da shi, kuma duk wanda ya san ƙwallo ya san a nan gizo ke saƙa: ɓangare ɗaya na neman ƙwallaye ido rufe, ɗaya ɓangaren kuma ko an ci shi ɗaya ko goma, motar gida ɗaya zai hau.

An tafi hutun rabin lokaci Feeders na da 7, Police Machine na da 6. Ko wannan ma ya isa a ɗaga gira, amma yana iya faruwa a ƙananan gasanni, inda wani lokaci ake haɗa kulob mai atisaye kullum da wanda aka tattaro 'yan wasansa jiya. Bayan an dawo ne abin ya fita daga hankali. Feeders ta ƙara 72, Police Machine ta ƙara 61.

Mu tsaya a kan wannan lissafi, domin a cikinsa amsar take. Minti 45 daƙiƙa 2,700 ne. Raba su gida 72, za ka samu ƙwallo ɗaya a kowace daƙiƙa 37 da rabi. A ɗaya wasan, ƙwallo ɗaya a kusan kowace daƙiƙa 44. Ko da alƙalin wasa ya ƙara lokaci mai yawa, lissafin ba zai canza sosai ba. Yanzu ka tuna abin da ke faruwa duk lokacin da aka ci. Sai an shiga raga an ɗauko ƙwallo. Sai an kai ta tsakiyar fili, tafiyar kusan mita hamsin. Sai alƙali ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta lambar wanda ya ci da mintin da ya ci. Sai kowa ya koma gidansa, a busa usur. Sannan, kuma wannan ne mafi muhimmanci, waɗanda aka ci su ne ke take wasa. Ma'ana sau 72 ƙwallo na farawa a ƙafar 'yan Akurba, sau 72 kuma tana barin ƙafarsu ta koma ragarsu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da sun ga dama su riƙa mayar da ita baya kawai, ko su doka ta waje, ko mai tsaron gida ya riƙa jan ƙafa wajen ɗauko ta kamar yadda kowane gola ke yi in ana lallasa su, da ko ashirin ba za a kai ba. Rashin iyawa ba ya haifar da irin wannan adadi. Sai an taimaka, kuma sai alƙali da mataimakansa sun zuba ido.

Me ya sa kuma ba a tsaya a goma ko sha biyar ba? Domin a lokaci guda ake buga wasannin biyu, babu ɓangaren da ya san inda ɗayan zai tsaya. Dokar buga wasannin ƙarshe a lokaci guda ta samo asali ne daga Kofin Duniya na 1982 a Sifaniya, inda Jamus ta Yamma ta ci Ostiriya 1 da nema a garin Gijón, sakamakon da ya ishi su biyun su wuce, ya kuma fitar da Aljeriya wadda ta riga ta gama nata wasannin. Tun daga nan ake take wasannin ƙarshe na rukuni tare, don kada wani ya san abin da yake buƙata. Amma wannan magani an yi shi ne a zamanin da babu waya a aljihun kowa. A 2013 mutum ɗaya a bakin wancan fili da kati na naira ɗari ya isa ya rusa shi. Can sun ci, nan a ƙara. Nan an ƙara, can a ji, a ninka. Haka aka yi ta tsere har aka wuce inda hankali zai ɗauka, babu wanda ya iya cewa ya isa, domin wanda ya fara tsayawa shi ya faɗi.

Yadda ƙaramin kulob ke kai wa ƙarshen kaka

Na taɓa riƙe littafin kuɗin wani ƙaramin kulob na unguwarmu na 'yan shekaru, kuma abin da na gani a wannan littafi shi ya hana ni dariyar da na ambata. Kuɗin rajista karo-karo ne. Jesi wani ɗan kasuwa ne ya saya mana, da sunan shagonsa a baya. Takalmi kowa da nasa, wani na aro. Ranar wasa sai an biya kuɗin alƙalai, a sayi ledar ruwa biyu ko uku da lemon zaƙi na hutun rabin lokaci, a ajiye wani abu ko da wani zai ji ciwo. Duk wannan mai sauƙi ne matuƙar ana buga wasa a gida. Wahalar tana farawa ne ranar da kuka yi nasara a jiharku aka ce ku tafi wani gari ku yi kwanaki. Nan ne za ka ɗauki hayar bas, ka ciyar da mutum ashirin da wani abu safe da rana da dare, ka nemi inda za su kwana. Mu a ajin wata makarantar firamare muka kwana, a kan tabarmi, da maganin sauro mai hayaƙi.

A wannan tafiya an ci mu wasa biyu na farko, muka fita. Saura wasa ɗaya da ba zai ƙara mana komai ba, kuma kuɗin da ke hannuna bai kai na man komawa gida ba. Bayan sallar isha'i wani mutum ya zo, da babbar riga, ya yi sallama ya nemi koci. Ina zaune a gefe da littafina.

"Koci, sannu da ƙoƙari. Wallahi yaranka sun burge ni, sa'a ce kawai babu."

"Mun gode, Alhaji."

"To ai ku kun riga kun gama. Na ji ma ko na mota babu. Gobe kada a wahalar da yara, a bi a hankali. Ni kuma zan ga abin da zan yi."

Koci ya yi shiru, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Yaran nan iyayensu ne suka ba ni su amana." Mutumin bai yi fushi ba, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tafi. Abin da ban manta ba shi ne fuskokin yaran da suka ji zancen ta taga. Babu wanda ya ce uffan, amma na ga wasu sun so a karɓa, kuma ban ga laifinsu ba, domin tun rana garin kwaki da ƙuli suka sha. Washegari aka ci mu 2 da 1, muka ranci kuɗin mai a wurin direba, muka shafe wata biyu muna biya.

Ban kawo wannan don in ce haka aka yi a Bauchi ba. Na kawo shi ne don a ga inda ƙofar take. Duk tsarin da zai tara ƙungiyoyi marasa galihu a gari guda, ya matse wahalar shekara cikin wasa uku, ya bar waɗanda suka fita da yunwa da bashi, sannan ya ce yawan ƙwallayen da aka zura musu ne zai raba na sama, to ya bar ƙofa a buɗe. Kocinmu ya rufe ta da kansa a wannan dare. Ba kowane koci ne zai iya ba, kuma bai kamata amanar gasa baki ɗaya ta rataya a wuyan mutum ɗaya mai aljihu wayam ba.

Hukuncin hukuma

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, wadda Aminu Maigari ke shugabanta a lokacin, shi kansa ɗan jihar Bauchi, ba ta ɓata lokaci ba. Nan take ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu, ta kafa kwamitin bincike. Mai kulob ɗin Babayaro, Shu'aibu Gara Gombe, ya fito ya nesanta kansa da abin da ya faru, ya ce ya rusa kulob ɗin. Kafin watan ya ƙare aka sanar da hukunci: an haramta wa ƙungiyoyin shiga harkar ƙwallo na shekara goma, 'yan wasa da jami'ansu kuma an kore su har abada, haka ma alƙalan da suka busa wasannin.

Ana iya gane dalilin zafin. A watan Fabrairun wannan shekara Super Eagles ta Stephen Keshi ta ɗauko Kofin Afirka a Afirka ta Kudu, bayan ta ci Burkina Faso 1 da nema da ƙwallon Sunday Mba, wanda a gasar gida yake wasa a lokacin. Ana ta murna cewa ƙwallon cikin gida ta farfaɗo. Sai ga wannan abu ya faɗo, kafafen labaran duniya suna ta yayata shi. Hukuma ta ji kunya, ta kuma so duniya ta ga ta ɗauki mataki.

Game da alƙalai da jami'an da ke kula da wasa, ba ni da ja ko kaɗan. Dokar ƙwallo ta ba alƙali ikon tsayar da wasa ko soke shi. Mutumin da ya tsaya a tsakiyar fili ya rubuta ƙwallo ta talatin, ta arba'in, ta sittin a littafinsa, ya kuma sa hannu a takardar sakamako, ya ci amanar usur ɗin da aka ba shi. Haka duk wani babba da ya ƙulla zancen ko ya ba da umarni.

Inda nake da magana shi ne kan yaran. Ba na cewa ba su da laifi. Duk wanda ya kauce wa ƙwallo da gangan ya san abin da yake yi. Amma a ƙaramin kulob ɗan wasa ba ya da bakin magana. Koci ne ke sa shi a wasa, mai kulob ne ke riƙe da katinsa, kuɗin motar komawa gida ma a hannun manya yake. In aka ce masa a hutun rabin lokaci "ku sassauta", wa zai kai wa ƙara, a garin da bai san kowa ba? Hukuncin da ya yi wa wanda ya ƙulla da wanda aka umarta kuɗin goro ya fi kama da share fili da gaggawa kafin baƙi su iso. Kulob da aka ba shekara goma yana iya canza suna, mai shi ya sake tara wasu yara. Yaron da aka kora har abada suna ɗaya gare shi, ƙafa biyu, da 'yan shekarun ƙuruciya da ba sa dawowa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, amma a nan ɓeran kaɗai aka kama, ƙanana ma daga cikinsu suka fi jin jiki.

Abin ya fi ciwo in aka dubi Jos. Sunan Feeders na nufin ƙungiyar renon matasa, wadda ake sa ran za ta riƙa ciyar da babbar Plateau United da 'yan wasa. Garin nan ne ya fitar da John Mikel Obi, wanda ya bi ta Plateau United kafin ya tafi Turai. Garin nan ne ya fitar da Ahmed Musa, wanda ya yi wasa a kulob ɗin JUTH na Jos kafin ya koma Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka guda. Babbar Plateau United ɗin ma ta dawo Firimiya, ta kuma lashe gasar a 2017. A watan Nuwambar 2013 ɗin nan, wata huɗu kacal bayan abin Bauchi, Golden Eaglets ta Manu Garba ta ɗauki Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta ci Meziko 3 da nema. Daga irin waɗannan filaye masu ƙura ake samo irin waɗannan yara. Rijiyar da ake sha ke nan, kuma ita ce ba a damu da a yi mata murfi ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna fiye da 79 ɗin kanta. An kama waɗannan ne saboda sun wuce gona da iri. Da Feeders ta tsaya a 9, Police Machine ta tsaya a 8, da babu jaridar da za ta ɗauka, da an buga sunan wadda ta hau an wuce wurin. Wasan da aka sayar a kan 2 da nema, da fenaretin da aka ba masu gida a minti na 90 don alƙali ya fita lafiya, su ne ke cin ƙananan gasanni a hankali kamar gara, kuma hukuncin Bauchi bai taɓa su ba. Darasin da mai niyyar maguɗi zai ɗauka daga korar har abada shi ne ya riƙa yi da lissafi.

Gyaran kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. In ƙungiyoyi biyu suka yi kankankan a irin wannan ɗan gajeren zagaye, a duba wasan da suka buga tsakaninsu. In nan ma babu bambanci, a haɗa su washegari su kara, ko su je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da zarar an cire yawan ƙwallayen da aka zura wa wanda ya riga ya fita daga cikin lissafi, ragarsa ta daina zama kayan sayarwa. Sannan a ware ɗan kuɗin mota ga kowace ƙungiya, a biya bayan wasan ƙarshe, da ɗan bambanci tsakanin na uku da na huɗu, don wanda ya fita ma ya samu abin karewa. Wannan kaɗai da ya ishi kocinmu ya kwana da kwanciyar hankali a wancan dare. Kwamishinan wasa kuma, wato jami'in da hukuma ke turawa ya sa ido a kan wasa, ya zo daga wata jiha, a biya shi daga hukuma, kada ya ci abincin kowa. Yau ma da kowace waya ke ɗaukar bidiyo, babu hujjar a buga wasan hawa ba tare da an naɗe shi daga farko zuwa ƙarshe ba.

Wasu kan haɗa labarin Bauchi da na Madagaska, inda AS Adema ta ci SO l'Emyrne 149 da nema a watan Oktobar 2002. Ba iri ɗaya ba ne. Can 'yan wasan da aka ci ne suka riƙa cin gidansu da gangan, a fili, don nuna fushi da alƙalanci. Wanda ya yi kama da namu sak shi ne na Saliyo, a watan Yulin 2022, shekara tara bayan Bauchi. A rukuni na biyu na ƙasar, Kahunla Rangers da Gulf FC suna kankankan a maki, gurbi ɗaya, bambancin ƙwallaye zai raba. An je hutu Kahunla na cin Lumbebu United 2 da nema, Gulf na cin Koquima Lebanon 7 da 1. Aka tashi 95 da nema, da 91 da 1. Ƙasa daban, yara daban, amma tsarin ɗaya ne, har da yadda abin ya ɓarke bayan an dawo daga hutu.

Wa'adin shekara goma da aka ɗiba wa ƙungiyoyin huɗu ya cika a 2023. Na 'yan wasan ba a sa masa ranar ƙarewa ba. Yaron da ya shiga fili a Bauchi yana ɗan shekara sha tara, yanzu ya haura talatin, shekarun da ɗan ƙwallo ke fara tunanin rataye takalmi.